Yadda ake sakin waƙar share fage, da yadda ake gane ta karɓu

Idan ka gama haɗa albam ɗinka na farko, waƙa goma ko sha biyu suna kwance a kwamfutar situdiyo, aikin da ya rage ya fi wanda ka gama wuya. Wacce za ta fara fita? Yaushe? Da me za ka gane mutane sun karɓe ta? Shirin kiɗa nake gabatarwa a rediyo, matasa suna turo min waƙoƙinsu ta WhatsApp ba dare ba rana, kuma akasarinsu a wannan gaɓar suke zubewa. Muryar tana nan, kiɗan ba laifi. Amma sai a saki waƙa ranar Talata da tsakar dare ba shiri, a yi kwana uku ana leƙa adadin masu kallo a YouTube, a yanke hukuncin ba ta yi ba, a sako wata. Kafin wata biyu an zubar da rabin albam a banza, ranar da albam ɗin zai fito kuwa ba sauran abin da mutane za su jira.

Da waƙar "Water" ta Tyla zan yi maka bayani, domin tafiyarta a fili take, kwanan wata ɗaya bayan ɗaya. Ba cewa nake ka kwaikwayi rawarta ko kalamanta ba. Ni kaina ba na sa ta a shirina da rana tsaka, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san dalili. Jadawalin tafiyar nake so ka duba.

Tyla mawaƙiya ce 'yar Johannesburg ta Afirka ta Kudu, an haife ta a 2002, kuma ba da "Water" ta fara ba. Tun 2019 ta fitar da "Getting Late", kamfanin Epic ya ɗauke ta a 2021, ta saki wasu waƙoƙin da suka yi ɗan motsi suka lafa, har da wadda ta yi da Ayra Starr a watan Mayun 2023. A farkon 2023 ɗin ta bi Chris Brown zagayen Turai tana buɗe masa fage. "Water" ta fito ranar Juma'a 28 ga Yulin 2023, a matsayin waƙar da za ta share wa albam ɗinta na farko hanya. Makonnin farko ba wanda ya girgiza. A watan Agusta, a bikin Giants of Africa da aka yi a Kigali, ta taka rawar bacardi, rawar unguwannin Pretoria, tana tuttula wa bayanta ruwan gora, aka ɗauka a waya, abin ya kama wuta a TikTok. Sai a Oktoba waƙar ta shiga jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, a lamba 67, kuma a watan ne bidiyonta ya fito. A Nuwamba aka sake zubinta da Travis Scott. Kafin shekara ta ƙare ta shiga goman farko, a Janairun 2024 ta kai lamba 7, a Ingila kuma ta kai lamba 4. Ranar 4 ga Fabrairu ta ɗauki kambun Grammy. Albam ɗin kansa bai fito ba sai 22 ga Maris 2024, kusan wata takwas bayan waƙar.

Riƙe wannan tazarar a ranka, daga Yuli zuwa Janairu. Da kamfaninta a satin farko ya yanke hukunci, da ba a yi wannan labarin ba.

Wacce za ta yi gaba

Waƙar share fage ɗanɗanon da mai tsire ke yanko maka ne kafin ka ce a sa na nawa. Ba ita ce ta fi zurfi a albam ba, ba kuma lallai ita ce ka fi so ba. Wadda ka fi so yawanci ita ce ka sha wahalar rubutawa, mai baiti shida da labarin rayuwarka. Ajiye ta, ranarta na zuwa. Wadda za ta yi gaba ita ce wanda bai taɓa jin sunanka ba zai iya rera amshinta bayan ji ɗaya.

Ga yadda nake gwadawa idan an kawo min. Ina zaɓen uku, in kunna su ta lasifikar waya, ba ta manyan sifikun situdiyo ba, domin a waya mai fasasshen gilashi mutane za su ji ta. In kunna wa mutanen da ba su san mawaƙin ba kuma ba sa jin nauyinsa, in yi shiru ban tambayi kowa ra'ayinsa ba. Washegari nake sa kunne, wacce wani yake gunguni da ita yana aikinsa. Abokanka da 'yan gidanku ba sa cikin wannan gwajin. Duk abin da ka kunna musu "wuta" za su ce.

Duba kuma inda amshin yake faɗowa. Spotify ba ya ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30, mai TikTok kuwa ko rabin haka ba zai ba ka ba. Idan waƙarka tana buɗewa da minti guda na kirarin situdiyo da gaishe-gaishen furodusa da sunan maigida, koma ka yanke. Na san ana yi don girmamawa, kuma wani lokaci maigidan ne ya biya kuɗin aikin. Mayar da gaisuwar ƙarshe, ba wanda zai ce ka yi butulci.

Abu na ƙarshe a zaɓe, kuma shi aka fi mantawa: waƙar ta yi kama da sauran albam ɗin. "Water" kiɗan amapiano ne da dukansa mai nauyi, an sassauta shi an ɗora masa rerawar pop da R&B, kuma wanda ya sayi albam ɗin wannan ɗanɗanon ya tarar a ciki. Idan kai waƙar soyayya mai sanyi kake yi, kada ka fito da waƙar cashiya guda ɗaya tilo da ka yi don kawai ita ce yayi. Za ta kawo maka mutanen da za su buɗe albam su ji an yaudare su.

Kafin ranar

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, a nan kuwa maganar har da zahirinta. Tun Yulin 2015 masana'antar kiɗa ta duniya ta tsayar da Juma'a ranar sakin sababbin waƙoƙi, Billboard yana ƙirga mako daga Juma'a zuwa Alhamis, manhajoji ma ranar suke sabunta jerin sababbin waƙoƙinsu. Wanda ya saki tasa ranar Talata ya shiga makon da kwana uku kacal a hannu.

Takarda tukuna. Kai da wanda ya haɗa kiɗa da wanda ya taya ka rubutu da mai amshi, ku zauna ku rubuta kason kowa, kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. A yi wannan tun waƙar ba ta kawo ko sisi ba, domin lokacin ne kowa yake da sauƙin kai. Idan kiɗan saye ka yi a intanet, karanta sharaɗin: haya aka ba ka ko mallaka? Da yawa haya ne mai iyaka, kuma waƙa tana fara tashi mai kiɗan zai bayyana.

Sannan mai rarrabawa. Audiomack da YouTube kana iya ɗorawa da kanka, amma Spotify da Apple Music sai ta hannun irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, su ne za su ba waƙar lambarta ta ISRC wadda ake bin kuɗinta da ita. Miƙa musu da sati uku ko huɗu a gaba. Dalili shi ne Spotify for Artists, shafin da Spotify ya ware wa mawaƙa, yana ba ka damar gabatar da waƙa ɗaya da ba ta fito ba ga masu tsara jerin waƙoƙinsu, kuma suna so ta iso aƙalla kwana 7 kafin fitarta. Kyauta ne, amma matasanmu ƙalilan ne suke cikewa. Kada ka raina Boomplay, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a aljihun akasarin masu sauraronka. Rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina, harafi da harafi. In kuma a Kano kake aiki, ka san da zaman Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, ka daidaita da ita kafin bidiyo ya fita, ba bayan an kira ka ba.

Bidiyo mai tsada kuwa, shawarata ka dakata. Na "Water" sai da waƙar ta yi sama da wata biyu a waje ya fito, lokacin an riga an san abin da mutane suke so a cikinta. Hoton bango mai kyau da gajerun bidiyoyi na waya sun ishe ka farawa. Kuɗin ka ajiye su, za ka buƙace su a wata na biyu.

Bayan ta fita

A nan aikin yake, kuma mafi yawansa sa ido ne. Yanka waƙar gida uku ko huɗu, kowane yanki daƙiƙa 15 zuwa 20, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp. Sau da yawa yankin da kake zaton shi ne zuciyar waƙar ba shi mutane za su ɗauka ba, sai wani layi a baiti na biyu da ka rubuta a tsaye. Idan sun ɗauka, bi su. Rawar da ta ɗaga "Water" an tsara ta, mai koya mata rawa Lee-ché Janecke ne ya shirya ta, amma ba a ɗaki aka yi shelar gasa ba. A kan dandamali ta yi ta yi har ranar da wani ɗauka ya dace, kuma da abin ya kama ba su tsaya ba, suka bi shi da bidiyo, da fitowa a shirin talabijin na Jimmy Fallon a Amurka, da sabon zubi, kowanne a lokacin da na baya ya fara sanyi.

Ka yi ta rera waƙar a gaban mutane, ko su ashirin ne. Kai wa DJ na biki da hannunka, ka ba shi mai tsabta wadda ba a cika ta da tambarin shafuka ba. Kai wa masu turi a kasuwar waya. Na san wasu za su ce ai wannan kyautar da gumi ne, kuma gaskiya ne ba ko kwabo da zai dawo maka ta nan. Amma sabon mawaƙi ba satar waƙarsa ce matsalarsa ba, rashin wanda ya san da shi ne. Mu 'yan rediyo kuma, turo mana fayil mai kyau da sunan waƙa da naka da layi biyu na bayani. Saƙon murya na minti huɗu ba mai saurara.

Karanta alƙaluma

Adadin masu kallo shi ne lambar da ta fi girma a allo, shi ne kuma ya fi ƙarya. Ana sayensa, talla tana kumbura shi, kuma a wasu manhajojin mutum ɗaya da ya danna ya fita an ƙirga shi. Abubuwan da nake dubawa daban ne.

Na farko, sau nawa mutum ɗaya yake komawa. A Spotify for Artists za ka ga adadin sauraro da adadin masu sauraro, raba na farko da na biyu. Idan kusan ɗaya ne, an ɗanɗana an wuce. Idan mutum yana komawa sau uku sau huɗu, yana ajiye ta a ma'ajiyarsa, yana sa ta a jerinsa, waƙar ta kama, ko da mutanen ɗari biyar ne. Ɗari biyar masu komawa sun fi min dubu hamsin masu wucewa, kuma manhajar kanta irin wannan take gani ta fara tura waƙar ga baƙi.

Na biyu, a ina suke fita. YouTube Studio yana zana maka layin da ke nuna daƙiƙar da mutane suke barin waƙar. Idan layin ya faɗi warwas kafin amshi, matsalar buɗewa ce. Idan akwai wani tudu a tsakiya, wurin da ake mayarwa baya a sake ji, ga yankin da za ka kai TikTok nan an nuna maka kyauta.

Na uku, su wa suke amfani da sautin. Bidiyo dubu a ƙarƙashin sautinka ba komai ba ne idan kai da abokanka da waɗanda ka biya ne. Shiga ka duba fuskokin. Ranar da ka ga wata baiwar Allah a garin da ba ka taɓa zuwa ba tana tallan atamfa da amshinka, ba ta ma san sunanka ba, ranar ce waƙar ta fita daga hannunka, kuma abin da ake nema ke nan. Sai dai ka bi sawu ka gani ko masu jin daƙiƙa 15 ɗin suna zuwa neman cikakkiyar waƙar. Akwai waƙoƙi da yawa da suka cika TikTok amma ba wanda ya san baitinsu na biyu. "Water" ta tsallake wannan ramin, shi ya sa ta shiga Hot 100, jadawalin da yake haɗa sauraron manhajoji da na rediyo da ciniki.

Na huɗu, garuruwa. Duk manhajojin nan suna nuna maka inda ake jin ka. Idan Zariya da Maraɗi da Kumasi ne suka fito a sama, to can za ka nemi wasa da hira da DJ, ba Legas ba don kawai sunanta Legas.

Akwai kuma karɓuwar da ba ta shiga kowane allo, kuma a wajenmu ita ce mafi yawa. Waƙar da take yawo ta Xender da memori, wadda ɗan adaidaita sahu yake kunnawa, wadda mata suke cewa DJ ya maimaita a wajen kamu, ba Billboard ba TurnTable da zai ƙirga ta. TurnTable, mai fitar da jadawalin Najeriya tun 2020, manhajoji da rediyo yake tattarawa. Saboda haka mawaƙin Hausa yana iya cika filin wasa a Katsina sunansa bai taɓa leƙa jadawalin ba. Ma'auninka a nan ƙafarka ce da kunnenka. Tambayi masu turi sau nawa aka zo aka ambaci waƙar da suna. Tambayi DJ ko da ya sa ta fili ya cika ko ya watse. Mu ma a rediyo muna gani, saƙon "a sa mana" daga lambobin da ba mu sani ba daban yake da na 'yan'uwan mawaƙi, waɗanda duk rubutunsu iri ɗaya ne har da kuskuren.

Sayen sauraro kuwa, kada ka fara. Ban da cewa tun 2024 Spotify yana cin tarar masu rarrabawa a kan sauraron bogi, su kuma su sauke waƙarka, babbar asarar ita ce ka lalata alƙaluman da za su gaya maka gaskiya. Ba za ka ƙara sanin garin da ake son ka ba.

Yaushe za ka yanke hukunci? Ba kafin sati shida zuwa takwas ba, kuma alkiblar layin adadin sauraro za ka duba, ba tsayinsa ba. Satin farko na masoyanka ne da danginka, dole ya yi sama sannan ya sauko. Tambayar ita ce a sati na huɗu da na biyar, ya tsaya cak, yana ci gaba da zubewa, ko ya fara ɗagowa da kansa? "Bloody Samaritan" ta Ayra Starr ta fito 30 ga Yulin 2021, mako guda kafin albam ɗinta na farko, "19 & Dangerous", kuma sai da ta yi makonni tana hawa kafin ta kai lamba 1 a TurnTable, karo na farko da waƙar mace ita kaɗai ta yi haka. Za a kawo maka misalin Olivia Rodrigo, wadda "drivers license" ɗinta ta fito 8 ga Janairun 2021 ta faɗa lamba 1 a Amurka kai tsaye ta yi sati takwas a can. Gaskiya ne, amma ita tauraruwar shirin Disney ce tun kafin ta saki waƙar, da miliyoyin mabiya suna jira. Kai ba haka ka taso ba.

Surutu da kambu

Idan waƙa ta tashi, magana za ta biyo ta, kuma ba duka ce a kan waƙar ba. Da Tyla ta ɗauki Grammy a rukunin waƙar Afirka, wanda a shekarar aka fara shi, sauran huɗun da ta kayar duk na 'yan Najeriya ne: Burna Boy, Davido, Ayra Starr, da Asake tare da Olamide. Kwana da kwanaki 'yan Najeriya suna tafka muhawara a intanet, wasu na cewa an yi fashi. Ni a ganina "Unavailable" ta Davido ta fi ratsa tituna a nan gida, amma akasarin masu jefa ƙuri'ar Grammy a Amurka suke, kuma a cikin biyar ɗin "Water" ce ta shiga goman farko a ƙasarsu.  Kambu yana gaya maka ra'ayin masu bayar da shi ne, ka karɓa ka yi godiya, kada ka ɗauke shi ma'aunin kasuwarka.

Sharhin mutane kuma ka tace shi. Wanda ya ce muryarka ta nutse a cikin kiɗa, ko kalmominka ba sa fita, ya ba ka abin da za ka kai situdiyo gobe. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, gyara. Mai zagi kawai, wuce shi, kada ka amsa da dogon bidiyo.

Waƙa ta biyu da ranar albam

Idan ta farko tana hawa, kada ka taka ta da wata. Bar ta ta gama numfashinta, ka ciyar da ita da bidiyo, sannan sabon zubi da wani wanda ya fi ka jama'a idan layin ya fara kwanciya. Amma kada ka bar mutane da waƙa ɗaya har su ɗauka ita ke nan gare ka. Tyla ta saki ƙarin waƙoƙi uku a farkon Disamban 2023, "Water" tana tsakiyar tashe, don wanda ya zo nema ya tarar da abin ji na gaba. Ranar albam kuma ba wahayi ba ce. Nata an sa 1 ga Maris aka ɗaga zuwa 22, kuma da ya fito da muryar Tems a ciki, ya buɗe a lamba 24 a jadawalin albam na Billboard.

Idan kuma wata biyu sun cika layin yana ƙasa, ba mai komawa, masu turi ba su ji an tambaya ba, DJ ya ce fili yana watsewa, to ka saki ta biyun cikin ukun da ka gwada tun farko, ka fara tallarta daga garin da ya fi sauraron ta farkon, ko mutum tamanin ne a can. Ta farkon ka bar ta a albam, ka matsar da ita zuwa lamba biyar ko shida.